Ƙarin Ƙwaƙwalwa da na Laka: Abin da Ya Zo Sabo Kuma Yana Ƙaruwa

 

Maganarmu ta yau mai nauyi ce, ina kuwa roƙon ku ba ni aron kunnuwanku har ƙarshenta. Za mu yi magana ne a kan ƙarin da ke tsirowa a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, da wanda ke tsirowa a lakar da ta sauko daga ƙeya ta bi ta cikin ƙashin baya.

Ga jigon maganar tun da farko, don kada ya ɓace mana a hanya. Duk wani ƙari da ya fito a wuya, ko a mama, ko a hamata, ido yana ganinsa, hannu yana taɓa shi. Amma wanda ya fito a cikin kai, ƙashi ya rufe shi ta kowace fuska, ba ya bayyana da kumburi, sai dai ya bayyana da canji. Canji a tafiya, ko a magana, ko a gani, ko a hali. Saboda haka abin da ya zo wa mutum sabo, ya ƙi tafiya, kuma yana ƙaruwa, a kai shi asibiti a ɗauki hoton kansa. Ku riƙe wannan, za mu yi ta komowa gare shi.

To, mu fara da halittar ita kanta.

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarSa, ya ajiye ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba, alhali kuwa da ita ake hankali da hadda da tunani da motsi, a cikin ƙoƙon ƙashi mai ƙarfi wanda in mutum ya girma ba ya buɗewa, ba ya miƙewa, domin ya zama kariya gare ta daga faɗuwa da duka. Wannan kariya ni'ima ce babba. Sai dai kuma ita ce ke sa duk wani abin da ya tsiro a ciki, komai ƙanƙantarsa, ya rasa wurin zama sai ya danne maƙwabcinsa. Shi ya sa ƙarin da da a cinya ya fito mutum zai shekara goma yana noma da shi, in a cikin kai ya fito, yana iya makantar da mai shi ko ya kwantar da shi.

A cikin ƙwaƙwalwa kuwa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu manya. Akwai masu ɗaukar saƙo, waɗanda su ne ke aikin ji da gani da umarnin gaɓoɓi. Akwai kuma masu yi musu hidima, suna ciyar da su, suna tallafe su, suna lulluɓe hanyoyin saƙon. Waɗannan masu hidima likitoci na kiransu giliya, ƙarin da ya tsiro daga gare su kuwa shi ne giliyoma. Wani malamin likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu wannan suna a tsakiyar ƙarni na 19, sa'an nan a 1926 wasu likitoci biyu a birnin Bostan na Amurka, Percival Bailey da Harvey Cushing, suka zauna suka rarraba giliyoma aji-aji gwargwadon kamannin ƙwayoyinsa, rabon da har yau ana gini a kan tubalinsa.

Yanzu sai mu zo ga abin da na fi so ku fahimta, watau cewa sunan ɗaya ne, amma hukuncin daban-daban ne.

In aka ce wa mutum yana da ƙari a ƙwaƙwalwa, nan take sai gida ya ruɗe, a fara salati, wasu har su soma lissafin gado a zuci. Wannan gaggawa ce. Ƙarin da ya fi yawa cikin waɗanda ke tsirowa a cikin kai shi ne meninjiyoma, wanda ke fitowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya kuma fi kama mata, galibinsa kuwa ba daji ba ne. Yana da iyaka, yana tura ƙwaƙwalwa gefe ba tare da ya ratsa ta ba, in likita ya same shi a wurin da hannu ke kaiwa sai ya ɗauke shi ɗungurungum, mutum ya koma kasuwarsa. Akwai kuma wanda ke fitowa a wata 'yar halitta da ke gindin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wadda ke sarrafa sinadaran jiki. Ga yadda nasa aikin yake: mace ta daina ganin al'adarta alhali ba ciki, nono ya riƙa zuba alhali ba goyo, haihuwa ta tsaya, a yi ta zargin kishiya, sa'an nan a ga tana ta buge kafaɗa da bakin ƙofa, domin ganinta na gefe da gefe ya tafi, sai abin da ke gabanta sosai take gani. Wani nau'in wannan ƙarin, jama'a, ƙwayar magani kaɗai ke ƙanƙantar da shi, ba a ko taɓa wuƙa ba, har mace ta zo ta haihu. Haka nan a cikin yara akwai wani giliyoma mai sauƙi da ya saba fitowa wajen ƙeya, wanda in an cire shi duka yaro yakan warke sarai, ya girma ya yi aure.

Amma ba zan ɓoye muku ɗaya ɓangaren ba, domin ɓoye shi ha'inci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba giliyoma daraja huɗu, daga mai tafiya a hankali har zuwa mai gudu. Na huɗun, wanda mafi shahararsa shi ne giliyobilastoma, yana cikin mafiya tsananin ciwon daji da aka sani a jikin ɗan Adam. Dalilin tsananinsa kuwa shi ne ba shi da baki. Yadda shuni ke bin zaren farin ƙyalle, a ga baƙi a tsakiya, a ga shuɗi a gefe, a rasa takamaiman inda ya tsaya, haka yake bin naman ƙwaƙwalwa. Likita yana iya cire abin da ido da na'ura suka gani, amma ba shi da ikon bin kowane zare, domin in ya bi, da ƙarin da maganar mutum da motsinsa zai haɗa ya yanke. Saboda haka bayan tiyata akan yi gashi da haske mai ƙarfi na tsawon mako shida, a haɗa da wata ƙwaya mai suna temozolomide. Binciken da ya kafa wannan hanya, wanda likita Roger Stupp na ƙasar Suwizalan ya jagoranta, an buga shi a 2005, abin da ya nuna kuwa shi ne matsakaicin kwanan marasa lafiya ya tashi daga kimanin wata 12 zuwa wata 14 da rabi. Ku ji fa, watanni ake ƙirgawa. Wannan ciwo shi ya yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009, da Sanata John McCain a 2018, mutanen da babu asibitin da ya fi ƙarfinsu a duniya. Na kawo su ne domin duk wanda ya rasa nasa ta wannan hanya, yana ta cizon yatsa cewa da yana da kuɗin Indiya ko Masar da ya tsira, ya sassauta wa zuciyarsa.

Duk da haka ilmi bai tsaya ba. Tun daga 2008 aka gano cewa wani sauyi a cikin ƙwayar gadon ƙarin, wanda ake kira IDH, yana bambanta mai saurin kisa da wanda akan shekara da shekaru tare da shi, har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa wannan awo a cikin ma'aunin rarraba su. Watau mutum biyu da hotonsu ya yi kama, hukuncinsu yana iya sassaɓawa. Babu kuwa mai sanin wanne ne wanne sai an ɗauki hoto, an yanki ɗan naman an duba shi a ɗakin bincike.

To, masu sauraro, mu juya ga alamomi, gama nan ne aikinku yake.

Ciwon kai ba baƙo ba ne ga kowa. Rana na sa shi, yunwa na sa shi, zazzaɓin cizon sauro na sa shi, bashi ma na sa shi, kuma mafi yawan masu ciwon kai ba su da ƙari ko kaɗan. Kada wanda kansa ya sara yau ya kwana da fargaba. Wanda ake tsoro shi ne sabon ciwon kai wanda mutum bai saba da irinsa ba, mai tashe shi da asuba, mai zuwa da amai ba tare da ciwon ciki ba, mai ƙaruwa in ya yi tari ko ya sunkuya ruku'u, wanda mako ke bin mako yana daɗa nauyi, gani kuma yana dushewa.

Alama ta biyu ita ce wadda ta fi shiga mini rai. Ga magidanci ɗan shekara arba'in da wani abu, bai taɓa farfaɗiya ba tun da aka haife shi, ba a san ta a danginsu ba. Yana zaune a rumfarsa yana ƙirga canji, sai babban yatsansa na dama ya fara rawa shi kaɗai, rawar ta hau hannu, ta kai gefen baki, kuɗin suka zube, ya faɗi yana jijjiga. Jama'a suka taru. Wani ya ce a kawo cokali a tura masa a baki, wani ya ce kada a taɓa yawunsa, wani ya ce iska ce ta buge shi don ya bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Bayan ɗan lokaci ya farfaɗo, ya karkaɗe rigarsa, aka ce alhamdu lillahi, aka watse. Jama'a, wannan mutum a wannan mako ya kamata likita ya gan shi, a ɗauki hoton kansa. Farfaɗiyar da ta fara wa babba karon farko, musamman mai somawa daga gaɓa ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke kai ƙara cewa wani abu yana taɓa ta. Bari in ƙara da cewa yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwo, cokali kuwa haƙora yake karyawa. A janye shi daga wuta da ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe, shi ke nan.

Ta uku ita ce canjin hali, ita ce kuwa ta fi saurin ɓatar da mutane. Dattijo mai kamun kai, wanda aka sani da kunya da kiyaye sallah a sahun farko, a ga ya fara sakin baki a gaban surukai, ko ya zauna shiru yini guda ba abin da ya dame shi, ko ya nemi kalmar da ya sani ta ƙi zuwa, ya ce a miƙo masa buta alhali takalmi yake nufi. Gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin ɗabi'a, in an danne shi linzamin sai ya saki. Haka kuma raunin da ke bin ɓarin jiki sannu-sannu, yau ƙafa tana jan ƙasa, wata mai zuwa hannu ya kasa riƙe moɗa. Shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini farat ɗaya take zuwa. Wannan kuwa rarrafe yake yi. A yara kuma sai a lura da amai kowace safiya, da tangaɗi a tafiya, da ido ya karkace ba zato, da kan jariri da ke girma fiye da ƙima.

Kun ji abin da ya haɗa su duka. Sabo ne, ya ƙi tafiya, yana ƙaruwa.

A nan dole in tsaya a kan wata mas'ala, cikin ladabi. Mu mutane ne masu imani da gaibu, ba kuwa wanda zai hana Musulmi addu'a da tofi da neman tsari, ni ma ba na hanawa. Amma malamanmu na fiƙihu ba su taɓa cewa riƙo da sababi yana warware tawakkali ba. Magabatanmu ma sun riga mu wannan fage: Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rayu shekara dubu da suka wuce, ya rubuta a littafinsa at-Tasrif yadda ake yi wa jaririn da ruwa ya taru a kansa aiki. Abin da ke cutar da mu shi ne jeri. Sai a fara da hayaƙi wata uku, a koma ruƙiya wata uku, a je ga mai magani a wani gari, a sayar da akuya, a sayar da gona, sa'an nan ranar da ido ya rufe ko mutum ya daina magana a ɗauko shi a mota zuwa asibiti, aljihu babu komai, jijiyar gani kuwa in ta mutu ba ta dawowa. A yi addu'ar a cikin motar zuwa asibiti. Ina kuma roƙon malamai masu ruƙiya, don Allah, in an kawo muku mai irin waɗannan alamomi, ku zama ku ne na farko da za ku ce a je a ɗauki hoto, domin maganarku ta fi ta likita shiga kunnen jama'a.

Akwai kuma wani dalilin gaggawa da ya shafe mu musamman. Ba duk abin da ya yi kama da ƙari a hoto ne ƙari ba. A ƙasashenmu tarin fuka yakan yi dunƙule a cikin ƙwaƙwalwa, ƙurji mai ruɓa yakan taru a ciki daga ciwon kunne da aka yi sakaci da shi, jini yakan kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon tsoho makonni bayan ya faɗi daga babur an manta. Duk waɗannan ana warkewa daga gare su. Wanda ya ƙi zuwa don tsoron a ce masa daji ne, mai yiwuwa abin da ke kansa na magani ne ko na ɗan gajeren aiki.

Yanzu kuma mu sauko ga laka.

Laka ita ce hanyar da saƙo ke bi tsakanin kai da sauran jiki, kaurinta bai wuce na ɗan yatsa ba, tana cikin rami matsattse. Ƙari yakan tsiro a cikinta, ko a tantaninta, ko kuma, wanda ya fi yawa, dajin wani wuri kamar mama ko huhu ko mafitsarar maza ya yi ƙaura zuwa ƙashin baya ya danne ta. Tarin fuka na ƙashin baya yana yin haka, tsargiya ma wani lokaci ƙwanta kan kai can. Alamarsa ita ce ciwon baya mai tsananta da dare in an kwanta, ko zafi mai zagaye ƙirji ko ciki, sa'an nan ƙafafu su yi nauyi, tafin ƙafa ya daina jin ƙasa, mutuwar jikin tana hawa sama, har fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Ku saurara da kyau. Ranar da ƙafafu suka fara rauni ko fitsari ya canza, ba ranar kaho ba ce, ba ranar maɗori ba ce, a ranar ake tafiya asibiti, ko da dare ne. Wanda aka kai yana takawa da ƙafarsa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda ya kwana da kwanaki ƙafafun sun mutu, da wuya su tashi.

Don ku san cewa wannan aiki yana da tarihi, a 1884 a birnin Landan likita Hughes Bennett ya lura da wani saurayi manomi wanda jijjiga da rauni suka kama ɓarinsa na hagu, ya yi ƙiyasi da alamu kawai, ba hoto ba na'ura, ya ce ƙarin yana dama a wuri kaza. Rickman Godlee ya buɗe, ya same shi a wurin, giliyoma ne. Saurayin ya rasu bayan mako huɗu saboda ƙwayoyin cuta sun shiga raunin, amma ƙofa ta buɗe. A 1887 kuma Victor Horsley ya cire ƙari daga lakar wani hafsan soja da ƙafafunsa suka shanye, mutumin ya tashi ya yi tafiya. Na'urar ɗaukar hoto ta CT kuwa, da aka fara gwada ta a kan majinyaci a 1971, a Landan ɗin dai, kan wata mata aka ɗauka wadda ake zaton tana da ƙari. A Nijeriya, Farfesa Latunde Odeku ne ya kafa tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962. Yau ana yin ta a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ana kuma yin ta a Yamai. Likitocin kaɗan ne ƙwarai in an gwada da yawanmu, kuɗin hoton MRI yana da nauyi ga talaka, injinan gashi ba su wadata ba, layinsu kuma dogo ne. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, za kuwa a tambaye ta. Amma ƙarancin nan shi ne ma ƙarin dalilin tashi da wuri, tun da sauran guzuri.

Mutane kan tambaya, me ke kawo shi? A mafi yawan masu shi ba laifin kowa ba ne, ba abinci ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Abin da aka tabbatar shi ne gashin haske mai ƙarfi da aka taɓa yi wa kai, musamman a ƙuruciya, da wasu cututtukan gado 'yan kaɗan. Wayar hannu da ake ta zargi, babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai sami alaƙa tsakaninta da dajin ƙwaƙwalwa ba.

Kalmata ta ƙarshe gare ku ce, ku masu jinya, da ke jina yanzu a gefen gado. In likita ya ba da ƙwayar rage kumburi kuka ga mara lafiya ya warware cikin kwana biyu, ku gode Allah, amma kada ku ɗauka ƙarin ya tafi, kada kuma ku ci gaba da saye a kemis ba da saninsa ba. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi don an ga sauƙi. Ku adana hotuna da takardu a jaka ɗaya, ku tafi da su duk inda aka tura ku. Ku tambayi likita sunan ƙarin da darajarsa, ku ce ya rubuta muku. In kuwa ya ce wannan ba na warkewa ba ne, to har yanzu akwai aiki: akwai maganin zafi mai ƙarfi, ku nema, haƙƙinsa ne, ku riƙa juya shi a shimfiɗa kada gyambo ya kama shi, kuma tun yana da hankalinsa da harshensa ku bar shi ya san halin da yake ciki, gwargwadon yadda yake so ya sani, domin ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa, ya nemi gafarar wanda yake so ya nema. Ku kuma maƙwabta, ku karɓi mai jinya ko da na wuni ɗaya ne, ta samu ta yi barci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri.